Haske da Kyamara: Sana'ar Mai Ɗaukar Hoton Fim

Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. A gidan sinima hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma wannan ƙa'ida ta zauna ne tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara haɗa fim da sauti. Talabijin na Nijeriya da Nijar da Turai yana tafiya da hoto 25, na Amurka kuwa kusan 30. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna haske ne da ya faɗa a kan fuska ko bango ko riga, ya dawo, ya ratsa gilashin kyamara, ya sauka a kan abin da ke karɓar hoto a cikinta. A da faifan fim ne ke karɓa, yanzu kuwa ƙaramar na'ura ce da ake kira sansa. Saboda haka babban aikin mai ɗaukar hoto shi ne sarrafa haske. Riƙe kyamara da danna maɓalli su ne mafi sauƙi a cikin sana'ar.

Abu uku ne ke tantance yawan hasken da kyamara take sha. Na farko ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashi, wanda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Aikinta ɗaya da na ƙwayar ido: mutumin da ya fito daga zaure mai duhu zuwa filin rana, ƙwayar idonsa takan tsuke da kanta. Ana auna ƙofar da lambobi kamar 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ce babbar ƙofa. Duk mataki ɗaya da aka hau, daga 2.8 zuwa 4 misali, rabin hasken ya tafi.

Na biyu tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. Al'adar sinima ita ce a ba shi rabin lokacinsa: in ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, sai a saita kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Da haka ne hannun da ke motsi yake ɗan dushewa a hoto yadda ido ya saba gani. In aka gajarta lokacin sosai, motsi yakan yi tsalle-tsalle, ya fito da kaifi marar daɗi, sai dai in da gangan aka yi don fitowar faɗa ko yaƙi. Na uku ƙarfin jin haske na sansa, wanda ake rubutawa ISO. Ɗaga shi yana haskaka hoto a wuri mai duhu, amma da farashi, don hoton yakan cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi, musamman a inuwa da kan baƙar fata.

Tunda lokacin shan haske kusan a ɗaure yake, mai aiki a tsakar rana yana bukatar abu na huɗu, wato baƙin gilashi da ake ɗorawa a gaban kyamara ya rage haske ba tare da ya taɓa launi ba. Wanda ya fita lokeshan a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu ba tare da shi ba, dole ya tsuke ƙofar haske har ƙarshe, hoton ya fito komai a fili tun daga hancin jarumi har bishiyar da ke can nesa, ko yana so ko ba ya so.

Wannan ya kawo batun gilashi da zurfin saiti. Ana auna gilashin kyamara da milimita. Mai 24 yana kwaso wuri da faɗi, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi girma, amma in aka matso da shi kusa da fuska sai hanci ya kumbura. Mai 50 ya fi kusa da yadda ido ke gani. Mai 85 zuwa sama yana janyo na nesa, ya matse abin da ke baya, shi ya sa ake son sa wajen ɗaukar fuska. Gwargwadon buɗe ƙofar haske da tsawon gilashi, gwargwadon ƙanƙancewar wurin da zai fito tas. Da gilashi mai milimita 85 a lamba 2, a tazarar mita biyu, wurin da ke cikin saiti bai wuce santimita shida zuwa bakwai ba a kyamara mai babbar sansa. Jarumi ya ɗan sunkuya kaɗan, idonsa ya fita daga saiti.

Dushewar baya ta zama abin yayi tun bayan da kamfanin Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto ce mai araha da ke ɗaukar bidiyo da babbar sansa, kuma irinta sun cika masana'antar fim ta Legas da ta Kano. Sai dai ba kowace fitowa ce ke son baya ya dushe ba. A fim ɗin Citizen Kane na 1941, Gregg Toland ya yi akasin haka: ya tsuke ƙofar haske, ya ƙara fitilu masu ƙarfi, har mai kallo yana ganin yaro yana wasa a waje ta taga daidai lokacin da manya suke yanke hukunci kan rayuwarsa a cikin ɗaki. Labari ne ke faɗin abin da za a nuna da abin da za a ɓoye. Fitowar kasuwa da aka dushe kasuwar gaba ɗaya asarar kuɗin lokeshan ce.

Shi kansa haske yana da halaye huɗu da ake dubawa: ƙarfinsa, inda ya fito, taushinsa, da launinsa. Taushi ya fi sauran wuyar ganewa. Abin da ke kawo shi shi ne girman tushen hasken idan aka kwatanta da abin da ake haskawa. Ƙaramin ƙwan fitila yana ba da inuwa mai kaifi, yana tono duk wani ƙurji da tabo. In aka rataya farin ƙyalle a gabansa, ƙyallen ne ya zama tushen haske, kuma da yake yana da faɗi, sai inuwar ta yi laushi. Ana ganin wannan a sarari lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe rana, inuwar mutum ta kusa ɓacewa a ƙasa. Subrata Mitra, wanda ya ɗauki finafinan Satyajit Ray na Indiya, ya yi suna da wannan dabara a fim ɗin Aparajito na 1956. An gina tsakar gida irin ta birnin Banaras a cikin situdiyo, shi kuma ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ya harba fitilu gare shi, hasken ya dawo ƙasa a hankali kamar na sararin sama. Har yau farin bango ko silin ko allon soso mai araha suna yin wannan aikin.

Akwai kuma lissafin tazara, wanda bai kamata ya kuɓuce wa kowane mai fitila ba. In aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke mita biyu, in ta koma mita huɗu, kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta sun tafi. Shi ya sa jarumar da ke tafiya a ɗaki kusa da fitila take haske fau a nan, ta yi duhu bayan taku biyu. Maganinsa a ja babbar fitila baya, yadda bambancin zai ragu.

Tsarin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne na fitila uku. Uwar fitila tana tsayawa gefe ɗaya na kyamara, ɗan sama da kai, ita ce ke sassaƙa fuska. Ta biyu, mai rauni, tana ɗaya gefen tana rage duhun inuwa. Ta uku tana bayan mutum daga sama, tana zana siririn haske a kafaɗa da gefen kai ko ɗankwali, ta raba shi da bango. Bambancin ƙarfi tsakanin ta farko da ta biyu shi ke ba fitowa yanayinta. In sun kusa daidai, an sami hasken wasan barkwanci da labaran talabijin. In ta biyun ta yi ƙasa sosai, an shiga yanayin makirci da tsoro. Gordon Willis, a fim ɗin The Godfather na 1972, ya sauko da haske daga saman kan jarumi Marlon Brando har idanunsa suka nutse cikin inuwa, mai kallo ya kasa karanta abin da ke zuciyar dattijon. Da ma haka ake so.

Fitila uku matakin koyo ce kawai. Tambayar da ƙwararre ke fara yi a kowane ɗaki ita ce: a labarin nan, daga ina haske yake shigowa? Daga taga ne, ko ƙofa, ko aci-balbal, ko fitilar waya? Daga nan sai ya ƙarfafa wannan tushen, ya bar sauran. Ana yawan ganin fitowar dare a ɗakin ƙauye inda ba lantarki, amma ɗakin ya fi shagon gwal haske, ga inuwar mutum uku-uku a bango. Mai kallo ko bai san dalili ba, zuciyarsa ba ta yarda da fitowar. A can ƙarshen wannan tunani akwai fim ɗin Barry Lyndon na 1975, inda Stanley Kubrick da John Alcott suka ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir, da gilashin kamfanin Zeiss mai lamba 0.7 wanda asali an ƙera shi ne don hukumar sararin samaniya ta Amurka.

Fitilun aiki iri-iri ne. Mafi daɗewa ita ce ta tangistin, mai zaren ƙarfe da ke yin ja, irin fitilar nan mai wat 800 da ta daɗe tana yawo a lokeshan. Launinta yana da kyau a fata, amma tana shan wuta, tana da zafi ƙwarai, kuma ba a taɓa ƙwanta da hannu tsirara, don maiƙon yatsa yana sa ya fashe. Da yawa daga cikin manyanta suna da gilashi mai zobe-zobe a gaba wanda ke tattara haske, ƙirar Augustin Fresnel ɗan Faransa, wanda ya yi ta a shekarun 1820 don hasumiyar da ke yi wa jiragen ruwa jagora. Sai fitilar HMI da kamfanin Osram na Jamus ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1960, mai launin hasken rana, wadda ke ba da kusan ninki huɗu na hasken tangistin a wuta iri ɗaya; da ita ake kwaikwayon rana ta taga. A 1987 aka ƙirƙiro dogayen fitilun Kino Flo masu taushi yayin aikin fim ɗin Barfly. Yanzu kuwa LED ta mamaye fage: ba ta zafi sosai, tana aiki da batir, ana sauya launinta da maɓalli. Ga ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan babban sauƙi ne. Illa dai mai arha sosai takan zuba wani kore-kore a fata wanda gyara shi wajen tace fim yake ba da wahala.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Tangistin tana wajen 3200, ja-ja ce. Hasken rana yana wajen 5600, ya karkata zuwa shuɗi. Kyandir bai kai 2000 ba. Ido yana daidaita waɗannan da kansa, amma kyamara sai an gaya mata wanne ne fari, ta hanyar nuna mata farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki da shi ko a saita lambar da hannu. Matsala tana tasowa ne inda aka gauraya: taga tana zubo shuɗi, fitila tana zubo ja, rabin fuska ya bambanta da rabi. Sai a rufe fitilar da leda mai launin shuɗi wadda aka yi don jure zafi, ko a manna mai ruwan lemo a taga.

Batun haskaka baƙar fata ya cancanci a tsaya a kansa, don littattafan koyarwa da yawa an rubuta su ne da farar fata a zuciya. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi suke daidaita launi. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin abubuwan da suka tura kamfanin gyara faifansa har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hotunan tallarsu ba sa bambanta launin ƙasa-ƙasa mai duhu da mai haske. Gadon wannan tarihi shi ne zaton cewa baƙar fata ƙarin haske kawai take bukata. Sakamakon zaton kuwa sananne ne: goshi yana ƙyalli, fuska ta yi toka-toka, kamannin mutum ya gudu.

Gaskiyar lamarin ita ce fata mai duhu tana mayar da surar tushen haske, don haka faɗin tushen da kusurwarsa sun fi ƙarfinsa muhimmanci. Babban haske mai taushi daga gefe yana kwanciya a kunci da goshi, ya fito da siffar fuska. Ɗan mai a fata ya fi hoda mai yawa, wadda ke kashe wannan sheƙi. Akwai gilashin da ake juyawa a gaban kyamara don rage ƙyalli ko ƙara shi gwargwadon bukata. Bradford Young, wanda ya zama baƙar fatan Amurka na farko da aka tsayar takarar kyautar Oscar ta ɗaukar hoto saboda fim ɗin Arrival na 2016, ya nuna wannan a Mother of George na 2013, fim ɗin darakta Andrew Dosunmu kan iyalin 'yan Nijeriya a Brooklyn. Ya bar fata da duhunta, ya bar launukan atamfa da gwaggwaro suna haskawa a kewayenta.

Babban abokin gaba a nan shi ne farin kaya. Mutum baƙi cikin farar shadda, a jingine da farin bango, a tsakar rana: in aka saita don fuska, riga ta ƙone ta zama fari fat ba zare ba aiki, in aka saita don riga, fuska ta nutse. Ko manyan kyamarori irin Alexa ta kamfanin ARRI, da ta fito a 2010 tana iya riƙe kusan mataki 14 tsakanin duhu da haske, suna da iyaka. Gyaran yana farawa ne kafin ranar ɗauka, a zaman mai ɗaukar hoto da mai kula da sutura. A zaɓi ruwan madara ko ruwan toka maimakon fari tas. Tsofaffin masu sutura sukan tsoma farin yadi a ruwan shayi ya ɗan dushe. A kuma janye jarumi daga jikin bango.

Rana ita ce fitilar da ba a biya, amma ba ta jin umarni. A ƙasar Hausa, kusa da tsakiyar duniya, da hantsi ya wuce takan hau tsakiyar ka, ta zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula. Masu gwaninta sukan ajiye fitowar cikin gida don wannan lokacin, su yi na waje da safe da la'asar. In ba makawa, sai a ɗaga babban farin ƙyalle a kan 'yan wasa, ko a sa rana a bayansu a mayar musu da haske da faifai mai sheƙi. Ɗan lokacin nan na faɗuwar rana, da haske ke yin ruwan zinariya, shi Néstor Almendros ya yi amfani da shi a Days of Heaven na 1978 har ya ci Oscar. A nan yankin ba ya daɗewa ko kaɗan, don haka ana gama gwaji da saiti tun kafin ya zo.

Wajen tsara hoto, akwai ɗauka daga nesa mai nuna wuri, da matsakaiciya daga ƙugu, da ta kusa mai cika fuska. Ƙa'idar da karya ta ke rikita mai kallo ita ce ta layi. In mutum biyu suna magana, a ɗauka an ja layi daga wannan zuwa wancan. Kyamara ta zauna gefe ɗaya na layin har fitowar ta ƙare. In ta tsallaka, sai a ga su biyun suna kallon gefe guda, kamar ba da juna suke magana ba.

Motsin kyamara ma yana bukatar dalili. Akwai ƙafa uku don tsayuwa, akwai keken da ke bin dogo, akwai ƙugiya mai ɗagawa sama, ga kuma jirgi marar matuƙi da ya sa kowane fim yanzu yake buɗewa da saman gari ko labari bai nema ba. Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam a tsakiyar shekarun 1970, rigar ƙarfe mai hannu da ke shanye girgizar tafiya, aka gan ta a Rocky na 1976. Ɗauka a kafaɗa kuwa tana da tarihi a Nijar: Jean Rouch ɗan Faransa ya yi shekaru yana bin mutane da ƙaramar kyamara mai faifan milimita 16 a hannu, kuma Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗinsa, ya zama darakta har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

A babban aiki sashen kyamara mutane da yawa ne. Shugaban ɗaukar hoto yana tsara kamannin fim tare da darakta. Wani yana riƙe kyamara, wani aikinsa saiti kawai, yana auna tazara da tef yana sa alama a ƙasa inda jarumi zai tsaya. Wani yana buga allo a farkon kowace ɗauka, don ƙarar bugun ce mai tace fim zai bi ya haɗa sauti da hoto. Shugaban masu fitila yana da nasa yaran. A masana'antar Kano, wadda ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke ɗauke da duk wannan. Yawanci ana shiga sana'ar ne ta hanyar bin ubangida, daga ɗaukar batir da naɗe waya. Akwai kuma karatu a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979. Darakta Tunde Kelani ya haɗa hanyoyin biyu: ya koyi ɗaukar hoto a hannun maigida, ya yi aiki a gidan talabijin na Ibadan, sannan ya tafi makarantar fim ta Landan a shekarun 1970.

Lantarki yana da nasa lissafi. Wutar Nijeriya da Nijar tana wajen bolt 220 zuwa 230, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Soket mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3000. Fitila uku masu wat 800 za su zauna a kansa, ta huɗu ta wuce iyaka. Wayar da aka bari a naɗe tana ɗauke da kaya mai nauyi takan yi zafi har ta narke. Kyamarar da aka sayo da saitin Amurka, inda wuta ke kai da komo sau 60, takan nuna layuka suna yawo a hoto ƙarƙashin dogon ƙwai, sai an mayar da ita kan 50. Janaretan da gudunsa ke hawa da sauka yana kawo irin wannan ɓari, ga ƙararsa da ke shiga sauti, shi ya sa ake kai shi nesa a ja doguwar waya mai kauri. Kowace ƙafar fitila ana danne ta da buhun yashi.

Haɗarin sana'ar ba wasa ba ne. A 2014 jirgin ƙasa ya kashe Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara, a kan wata gada a jihar Georgia ta Amurka inda ake ɗauka ba tare da izinin masu layin dogo ba. A 2021 harsashin gaske da ke cikin bindigar da ake wasan fim da ita ya kashe Halyna Hutchins, shugabar ɗaukar hoton fim ɗin Rust. Mai kyamara idonsa yana cikin hoto, ba ya ganin mota ko rami ko abin da ke bayansa, don haka a duk ɗauka mai motsi ana sa wani ya riƙe shi ta baya yana yi masa jagora.

Aikin yini yana ƙarewa ne da kula da kaya. Ƙurar hunturu tana shiga sansa duk lokacin da aka sauya gilashi a fili, ta bar ɗigo a kowane hoto, saboda haka ana sauyawa a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ana hure gilashi da iska kafin a goge, don ƙwayar yashi tana karce shi. Batura suna hawa caji tun da dare. Katin da aka ɗauki aiki a kansa kuma ba a share shi sai an kwafe abin da ke ciki zuwa ma'ajiya biyu daban-daban, an buɗe an tabbatar kowace fitowa tana nan.